Yadda na zama ɗalibin manɗiƙ a Kairo

Shekarun baya na je Kairo jinyar ƙafata, na sauka wurin ɗan yayana da ke karatu a can, a unguwar Hayyin Ashir. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

Na tarar da shi duk ya rame. Darasin manɗiƙ, wato ilimin tsara hujja, ya kayar da shi a jarrabawa, kuma in ya sake faɗuwa sai gida, karatu ya ƙare. Ya haddace littafin tas, amma da an juya tambaya sai ya yi tsuru.

Abokansa kan taru a falon bayan la'asar suna bita, ni kuwa ina gefe da ƙafa a kan matashi. Wata rana jagoransu, wani Bakatsine mai barkwanci, ya rufe wa ɗan yayan nawa littafi.

"Khalas, hadda ta isa. Ga Kawu nan, yi masa bayani da Hausa. In ya gane, ka gane."

Na ce, "Ku rufa min asiri, ni da ban san bihim ba?"

"Ai shi ya sa, Kawu. Yalla, a fara!"

Yaron ya fara, rabi Larabci. Na ce ban gane ba. Ya sake, na ce har yanzu. Can ya ce, "Kawu, kowane ɗan Adam zai mutu. Kai ɗan Adam ne. Saboda haka..."

"Kai! Ƙafa na zo gyarawa, kar ka yi min baki!"

Falon ya kaure da dariya. Bakatsinen ya ce, "Tamam, Kawu ya fitar da sakamakon da kansa."

Daga nan kullum ni ne allon gwaji. Wani babin sai mu kwana biyu a kansa, wani lokacin ma gyangyaɗi ke kwashe ni, su tashe ni da shayi. Ba su taɓa nuna sun gaji da ni ba.

Bayan na dawo gida ɗan yayan nawa ya bugo waya yana ihu: "Kawu, na haye!" Da ƙyar ne, amma ya haye.

Ni kuwa zaman nan ya cire min kunyar tambaya. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, kuma da hannuna na rubuta wannan. Allah ya saka wa yaran nan da alheri, duk inda suke.