Wuƙar Sarkin Baka a Dajin Beaujolais

La Courneuve, ranar Asabar

Ina sallame sallar asuba na sauko da kaya daga benenmu na La Courneuve da ke gefen Paris, gari da sauran duhu, sanyin Oktoba yana cizon kunne. Bindiga tana kulle cikin akwatinta, harsasai a jaka daban, yadda doka ta ce. Shekara guda na yi ina koyo da jarrabawa kafin in sami takardar izinin farauta, kuma ba zan ɓoye muku ba, na fi taƙama da ita a kan takardar injiniyan da ta kawo ni Faransa.

Inna ce ta rako ni bakin ƙofa, ta naɗe cikin bargo. Ta zo daga Damagaram ganin jikoki, saura mako guda ta koma. Mahaifina shi ne Sarkin Bakan garinmu, kuma tun da ya rasu ba ta sake sa naman daji a baki ba. Ni kuwa da bakina na yi mata alkawarin naman barewa kafin ta hau jirgi. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum "wannan" nake.

"Wannan, wa ka ce ya gayyace ka?"

"Mushe Bernar, Inna, wani Bafaranshe a can wajen Lyon. Tare muka yi aiki kafin ya yi ritaya, shi ne shugaban mafarautan ƙauyensu."

"To, ka je wurin Mushe, amma kada ka kawo mini mushe." Ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Tun kafin in kwance na gane ƙotar wuƙar Baba. "Ubanka in zai yi yanka ba ya raɗa. Dajin duka sai ya ji sunan Allah."

Hanyar Lyon

Daga Paris zuwa Lyon kilomita ɗari huɗu da sittin ne da ɗoriya, hanya sumul kamar tafin hannu. Sai dai sumul ɗin ba kyauta ba ne, kuɗin hanya kaɗai ya ci mini sama da yuro talatin. Na tsaya kusa da Beaune na sayi kofi mai tsadar banza, na haɗa da ƙosan da maiɗakina ta soya mini.

A mashigar biyan kuɗi ta ƙarshe jandarma ya ɗaga mini hannu. Kafin ya tambaya na ce masa akwai bindigar farauta a bayan mota, ga takardu. Ya duba hoto, ya dube ni, ya buɗe akwati ya ga komai a ƙa'ida.

"Barewa ko aladen daji?" in ji shi.

"Barewa kawai. Na biyun na bar muku."

Ya yi dariya, ya yi mini fatan sa'a.

Vénissieux

Da azahar na isa unguwar Minguettes ta Vénissieux, a gefen Lyon, gidan Malam Ilya, Ba'adare ɗan Tawa da ke aikin ɗaukar kaya a wani sito. Tun muna ɗalibai a Yamai muke tare, kuma har yau bai yarda Badamagare ya iya komai ba in ban da surutu. Uwargidansa ta yi mana tuwon semul da miyar kuka, na ci har na manta da gajiyar tuƙi. Sai da aka kwashe kwanuka na nuna masa wuƙar, na gaya masa saƙon Inna. Nan take fara'arsa ta ɗauke.

"Kai, mi kake faɗi haka? Baƙin mutum, bindiga ga hannu, tsakiyar Nasara, ka ɗaga murya ka yi kabbara? A ƙasag ga? Attention, ɗan'uwa. Ka faɗe ta cikin zucciya, Allah na ji."

"In Inna ta tambaye ni fa?"

"Ka ce ka yi. Wa za ya ƙaryata ka?"

"Kai mana. Gobe tare za mu, Mushe Bernar yana neman masu koro dabbobi daga kurmi."

Maganarsa ta tsaya mini a rai, don ba ƙarya ya yi ba. In na tsorata mutanen nan, wannan gayyata ita ce ta farko kuma ta ƙarshe. In na yi shiru, da wane ido zan miƙa wa Inna naman?

Duwatsun Beaujolais, ranar Lahadi

Tafiyar awa guda ta kai mu wani ƙauye a kan tudu, gonakin inabi a ƙasa, kurmi a sama. Mafarauta kamar goma sha biyar muka tarar, kowa da riga ruwan lemo mai ɗaukar ido. Baba da ke shafa toka don kada dabba ta gan shi, da ya ga wannan shiga da ya yi salati.

Mushe Bernar, gajere mai farin gashin baki, ya karanta dokokin ranar. Barewa ɗaya ce ta rage a kasonsu, kuma namiji. Ba mai barin inda aka ajiye shi sai an busa ƙahon tashi. Aka tsayar da ni gindin wata bishiya a bakin kwari. Ilya kuwa aka ba shi sanda, ya bi karnuka cikin ƙaya, ina jiyo shi yana zagin su da Adaranci.

Ƙafafuna sun fara mutuwa don sanyi lokacin da na ji ganye ya motsa. Mace ce ta fara wucewa, na ƙyale ta. A bayanta sai ga namijin, ja, da ƴan ƙahoni masu reshe, girmansa bai wuce bunsuru ba. Na yi bisimilla a hankali, na danna. Ya yi tsalle ɗaya ya faɗi cikin ciyawa.

Allah ya taimake ni ba a jima ba aka busa ƙaho. Ina isa na tarar da sauran numfashi a jikinsa, wato yanka ya wajaba. Kafin in zare wuƙa mutane sun zagaye ni. Mushe Bernar ya jawo tasa wuƙar zai ƙarasa shi, na riƙe masa hannu na ce ya bar mini. Na juya dabbar ta fuskanci alƙibla. Ilya yana gefe yana ƙifta mini ido har kamar zai yi kuka. Ƙotar wuƙar nan ta zauna a hannuna daidai inda yatsun Baba suka cinye ta.

"Bismillahi, Allahu Akbar."

Ban yi ihu ba, ban kuma yi raɗa ba.

"Me ka ce masa?" Mushe Bernar ya tambaya.

"Na ambaci sunan wanda ya halicce shi. A wurinmu ba a ɗaukar rai sai da izininsa. Wuƙar nan ta mahaifina ce, shi ne shugaban mafarautan garinmu."

Tsohon ya dube ni, ya dubi wuƙar. Sai ya cire hula, sauran ma suka cire. Ya karyo ɗan reshe ya sa a bakin barewar, ya ce a al'adarsu wannan ita ce lomarta ta ƙarshe, girmamawa ce. Wani reshen ya soka mini a hula. Wajen fiɗa ya roƙi aron wuƙar, ya gwada kaifinta, ya ce in zan dawo watan gobe kada in zo ba ita. Aka raba nama, na tashi da cinya guda da hanta.

"Ni dama na san lafiya lau za a yi," in ji Ilya a mota.

Komawa gida

Litinin da la'asar na shiga La Courneuve da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Inna ba ta ko dubi naman ba.

"Kira mini abokin naka."

Na kira Ilya, na miƙa mata waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Ilya, tsakaninka da Allah, kunnenka ya ji?"

"Wallahi Hajiya, har karnukan Nasara sun jiya."

Da kanta ta gasa hantar, ta barbaɗa yajin da ta zo da shi daga gida. Ta ci yanka ɗaya, ta daɗe tana taunawa, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Na kwance ɗankwalin zan mayar mata da wuƙar, ta ture hannuna. Sannan ta kira kawuna a Damagaram, ta juya mini baya kamar ba na ɗakin.

"Ku gaya wa mutane," ta ce, "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sarkin Baka ya yi yanka a Faransa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Ilya da iyalinsa. Wuƙar tana nan wurina.