Namijin Dabinon Goggo Tasallah

Goggona Tasallah, ƙanwar babana, ita ce mace mafi taurin kai a unguwar Al-Awali ta Madina, kuma wallahi ina sonta kamar me.

Kakanta ya zo hajji daga ƙasar Katsina, ya zauna a Madina, ya yi noma har ya mallaki lambu. Gado ya yi ta gutsure lambun, magada suka yi ta sayarwa. Abin da ya rage mata zirin fili ne mai dabino biyu, mace ɗaya, namiji ɗaya.

To namijin nan shi ne abin tinƙahonta. In lokacin fure ya yi, masu lambu kan zo roƙon furensa su ɗaura wa matan dabinonsu, don in ba haka ba babu 'ya'yan kirki. Kyauta take bayarwa, ta haɗa da shayi da tsiya. Tana yarinya, gida arba'in ke zuwa. Sai wani attajiri ya fara saye lambu bayan lambu, yana zagayewa da katanga. Arba'in suka koma goma, goma suka koma uku.

Ɗanta Muhyiddeen ya matsa mata. Ta yi masa Hausa, ya mayar da Larabci: "Khalas, ya ummi!" Wato ya isa haka, Mama, ki sayar.

"Ranar da babu maƙwabci mai sak da sunansa da ya zo roƙon fure, na sayar," in ji ta. Sak ita ce takardar mallaka. Ta kuwa rantse a gaban jama'a.

Bara maƙwabci na ƙarshe ya sayar, ya koma bene a unguwar Ƙurban. Muhyiddeen har da sayen sabon alƙalamin sa hannu a takardar ciniki, mara kunya.

Sati uku kafin fure ta kira ni. "Sumaya, ɗauko abayarki, mu je."

Kai! Ashe rabin zirin za ta ba ni kyauta, ɓangaren macen. Muka yi ta zarya ofis-ofis. Wani ma'aikaci ya dubi awon ya ce, "Hajiya, wannan ko mota ba za ta juya ba."

"Na ce maka mota zan shuka?"

Da safiyar da furen ya tsage, na tsaya a ɓangarena, taku huɗu tsakanina da ita, na rangaɗa sallama.

"Wace ce?"

"Maƙwabciya ce, roƙon fure na zo."

"Ina sak?"

Na ɗaga. Ta saki guɗa har tattabaru suka watse. Muhyiddeen ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya cusa alƙalamin a aljihu.

Ta shiga zuba shayi tana rawa da kafaɗa. Sai na lura da tiren: kofuna arba'in ta wanke ta jera, kamar kowace shekara. Ta cika uku, ta dubi katangar attajirin, ta fara kiran sunayen masu sauran ɗaya bayan ɗaya tana kifewa.