Kawu Lodin, Mai In'inar da Ya Koya Mana Magana

Kafin bana, idan ka bi ta layin masu gyaran waya da safe, ka ɗaga kai ka dubi benen da ke saman shagon magani, za ka ga wani dattijo yana kai da komo a baranda, kofin shayi a hannu, bakinsa na motsi. Baƙo zai ɗauka lazimi yake yi. Mu da muka san shi mun san bitar jawabi yake yi. Shayin sai ya huce bai kurɓa ba. Daga nan ya faɗa ofis, ɗaki ɗaya mai tebur biyu da fanka mai ƙugi, ya duba shafin intanet na wata makaranta ko na mai sayar da tayoyi, ya gyara abin da ya karkace. Tun kujera ba ta ɗumama ba ya sake miƙewa, waya a kunne: "Ka... ka shirya kuwa? Taro fa ya matso." Alhali taron saura watanni.

Sana'arsa gina shafukan intanet. Amma ba don ita nake wannan rubutu ba, ai masu ginin suna da yawa. Sau ɗaya a shekara mu masu wannan aiki muna aron zauren wata makaranta mu taru, masu zayyana da masu harhaɗa injin da ke bayan shafi da irina masu rubuta kalmomin da ake zubawa a ciki. Ba a biyan kowa. Wanda ya san wani abu ya hau dandamali ya faɗa wa saura. Shekara goma sha wani abu ke nan, kuma babu shekarar da Kawu bai hau ba.

Ga shi kuwa mai in'ina ne, irin wadda ke riƙe mutum a wuya har jijiya ta tashi.

A taron farko ya samo sunan. Ya hau, ya riƙe makirufo, ya zo zai ce "shafi", kalmar ta ƙi. "Sh... sh... sh..." Can baya aka fara ƙunshe dariya. Ni kaina na sunkuyar da kai, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige a madadinsa. Gumi ya jiƙe masa riga. Da kalmar ta fito, sai ya dubi zauren ya ce, "Ku yi haƙuri, bakin nawa ne yake lodin. Ku da kuke gina shafuka masu nauyi ai kun saba sa mutane jira." Wuri ya kece da dariya, amma wannan karon tare da shi ake yi. Tun daga ranar ya zama Kawu Lodin, har wasu ba su san yana da wani suna ba.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo masa da sauƙi daga baya. Maiɗakinsa ta ce mini duk makon taro ba ya cin abincin kirki. "Ni ce jama'arsa," in ji ta. "Ina wanki zai tsaya a kaina yana mini bayanin girman harafi da launin da ba ya cutar da ido. In na ce, 'Malam, don Allah zauna, kana sa ni jiri,' sai ya ce in yi masa tambaya. Yanzu ko ni aka ba kwamfuta sai in gina shafi."

Sai dai hawansa dandamali ba shi ne babban aikin ba. Babban aikin shi ne farautar masu hawa. Kawu ba ya jin wani ya warware wata matsala ya bar shi ya sha ruwa. Zai bi ka ofis, ya bi ka wurin cin abinci, ya tare ka a bakin masallaci. Ka ce ba ka iya magana ba, ya nuna bakinsa ya ce, "Ni... ni kake faɗa wa?" Daga nan sai ka amsa.

Haka ya yi wa Maman 'Yan Biyu. Daga ɗakinta take aiki, tsakanin goyo da girki, kuma ita ta sake gina shafin wani ƙaramin asibitin haihuwa. A da, matan unguwa sai su biya kuɗin mota su je a ce musu yau ba ranar awo ba ce, domin shafin ba ya buɗewa a ƙananan wayoyinsu. Ta rage masa nauyi har ya zama yana buɗewa ko netwok na rarrafe. Kawu ya ji labari, ya je har gida, ya gaisa da maigidanta, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ta ce, "Kawu, ka rufa mini asiri. Ni ko a taron suna ba na iya buɗe baki."

Ya ce, "'Yata, abin da kika sani, akwai masu asibiti da makarantu da suke buƙatarsa. In kika bar shi a ɗakin nan, ya mutu a ɗakin nan."

Ya yi ta zarya har ta gaji ta amsa.

Ranar taro zauren ya cika, har da masu tsayuwa a bakin taga. Ta fara lafiya. Tana tsaka da bayani majigi ya ɗauke, allon ya koma fari fat. A daidai lokacin ɗaya daga cikin tagwayen ya tsala kuka a hannun ƙanwarta. Shi ke nan. Ta tsaya cak, ta dubi allo, ta dubi ƙofa. Ina layin gaba, na ga ƙafarta ta juya wajen matakala. Da ta sauka a ranar, na tabbata ba za ta sake hawa ba, kuma matan da suka zo saboda ita da wuya su dawo.

Sai Kawu ya ɗaga hannu ya miƙe. "Ina da ta... ta... ta..." Ya kama kalmar nan ya yi ta kokawa da ita. Idanun zauren kaf suka bar ta suka koma kansa. Ya fito da "tambaya", ya sake maƙalewa a ta gaba. Kafin ya kai ƙarshen jimlarsa an rarrashi yaro, ta sha ruwa, numfashinta ya dawo. Tambayar kuwa ita ce: wace mace ce ta fara gaya mata shafin ba ya buɗewa? Wannan ba ya buƙatar majigi. Ta ba da labarin wata maƙwabciyarta mai tsohon ciki, daga nan bakinta ya buɗe. Ta ƙarasa jawabin ba allo, aka yi ta tafi kamar rufin zai sauko.

Har yau ana gardama ko da gangan ya ja in'inar. Na taɓa tambayarsa. Ya harare ni ya ce, "Wa ke ƙirƙirar wannan wahala?" Amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Kawu, kai ne wanda ya tsaya a gaban jama'a da abin da wasu ke ɓoyewa a ɗaki. Kai ne ka ɗauki kallon da ya fi ƙarfin wata ka ɗora a kanka, don ka san nauyinsa. Gagarabadau, mai tura wasu gaba ya koma gefe. Rabin waɗanda ke hawa dandamalinmu a yau, kai ka jawo su da hannu, kuma babu wanda ka taɓa cewa ya ambaci sunanka.

Bana likita ya gano wani tsiro a maƙogwaronsa. An yi aiki, an dace, amma an ce ya huta da ɗaga murya, watakila har abada. Da muka je dubiya, cikin raɗa ya ce, "Ku ji ikon Allah. Duk rayuwata ina roƙon magana ta fito. Yanzu da ta fara jin maganata, an ce in rufe baki." Muka yi dariya, maiɗakinsa ta juya tana goge ido da gefen mayafi.

Yanzu neman masu jawabi ya faɗo kaina, kuma gaskiya hankalina ba a kwance yake ba. Na kira mutane har kunnena ya yi zafi. Wannan ya ce aiki ya yi masa yawa, wancan ya ce sai baɗi, wata ta ce ita wa ce da za ta koyar da wasu. Gwanayenmu da dama sun samu aiki da kamfanonin nesa, sun rufe ƙofa, ba a ganinsu. Sai yanzu na san abin da mutumin nan ya yi ta ɗauka shi kaɗai, ba tare da ya taɓa kawo mana ƙorafi ba. Na je na faɗa masa an fara zancen ko a ɗaga taron bana. Ya damƙe hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya raɗa mini, "Taron da aka ɗaga sau ɗaya, ba ya dawowa. Kujerar gaba tawa ce. Ki kawo mini fuskokin da ban sani ba."

Mun gode, Kawu. Allah ya ƙara sauƙi, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Saura ku. Kai da ka kwana biyu kana fama da wata matsala har ka gano bakin zarenta, ke da kike aiki shiru a ƙuryar ɗaki kina ganin abin da kika sani bai kai a faɗa ba, da ku nake. Zauren yana nan, an riga an ba mu aro. Ba gwanin magana muke nema ba. Muna neman wanda ya san abu ɗaya, kuma ya yarda ya tsaya a gaban mutane don wani ya tafi gida da shi. Akwai dattijon da zai zauna a gaba yana jiranku, kuma bai kamata ya tarar da dandamali babu kowa ba.