Hannun Baba a Sallah

Shekara biyu da samun 'yancin kai na samu aikin malamin awon auduga a Kankia. Ni kaɗai ne ma'aikacin hukuma a duk danginmu, ina tafiya ina jin kaina kamar ni na kori Bature.

Mahaifina limami ne a wani ƙauye kusa da Kusada. Tun da ya dawo daga karatu a Kano yake ɗora hannunsa a ƙirji in ya tsaya sallah, abin da ake kira ƙabalu. Mutanen garinmu kuwa sakin hannu suka gada, wato sadalu. Shekaru ana bin sa a haka, kowa da inda ya ajiye hannunsa, ba a taɓa jin kansu ba.

Sai siyasa ta shigo masallaci da takalminta. Aka ce ƙabalu alamar 'yan adawa ce. Dagacinmu, mutumin da ko Fatiha sai an gyara masa, ya sa dogari ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa yana duba hannuwan masu sallah. Shi dogarin ba ya sallar, aikinsa kallo. Da Baba ya ƙi sauyawa, sai dagaci ya aiko mini har Kankia: ko tsoho ya saki hannu, ko ni in saki aiki.

Na hau keke na tafi gida. Na tarar da shi a zaure yana gyaran tawada. Ba zan yi wa kaina ado ba, roƙonsa na yi, har da kawo masa hujjar cewa duka biyun malamai sun halatta.

Ya ce, "Ni za ka koya ma wannan? Na san duka sallah ce. Amma mi ya kai dagaci tsakanina da Ubangijina?"

Na ce, "Baba, iyali gare ni."

Ya ci gaba da gyaran tawadarsa. Da la'asar ya shiga gaba, ya yi kabbara, ya saki hannuwansa. Ina sahun farko, a kan idona aka yi. Dogari ya gyaɗa kai ya tafi. Aikina ya tsira, na kuwa ci gaba da cin tuwona.

Bayan shekara goma sha wani abu kuɗin man fetur suka zo. Ɗan dagacin, wanda ya gaji sarautar, ya je Makka a kujerar gwamnati, ya dawo da haƙorin zinariya da hannu a ƙirji. Kafin sati ya zagayo, waɗanda suka yi wa Baba tsegumi duk sun naɗe hannu, har da dogarin nan. Raina ya ɓaci, amma na yi murna don Baba. Na je da saurina na ce masa yanzu an yarda, ya koma yadda yake so.

Ya dube ni ya ce, "Wa ya yarda? Hannun da na sauke don tsoron mutum ba ni maida shi don izinin mutum. Kunyar Allah nike ji."

Haka ya ci gaba da sallah, shi kaɗai mai sadalu a gaban sahu guda na masu ƙabalu, har ya rasu. Na daɗe ina tsine wa tsohon dagacin nan, kuma har gobe ban yafe masa ba. Amma dagaci aike kawai ya yi. Ni na hau keken.