Kindirmon Dada

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shige har na daina sharhin littattafai a shafin nan, ga ni. Jinya na yi.

Abin ya faro da ƙwannafi, bayan na tare a gidan mijina a unguwar Barunde. Sai zafi a ƙahon zuciya, kamar an ajiye mini garwashi.

A daidai lokacin Dada, mahaifiyar maigidana, ta fara aiko mini da kindirmo daga unguwar Shamaki kowace safiya. Ni kaɗai, ban da sauran surukanta.

Kun san ni da karatu. A littafi, in ƙwarya ta zo wa mutum ɗaya, akwai magana a gindinta. Sai na fara lura: in na sha, ciwon ya lafa, anjima ya dawo da ƙarfinsa. Na ce haka sammu yake, sai ya lallaɓa ka kafin ya kama ka.

Ban gaya wa kowa ba. Na koma jiƙa kanwa ina haɗawa da maganin olsa na kemis, kindirmon kuma rariya ke sha.

Hamma, maigidana, ya kai ni asibiti. Aka gwada jini da bayan gida, kuɗin ya cinye cefanenmu. Sakamako ya fito fes.

Nan na ƙara tsorata. Ai an ce ciwon da aka yi wa mutum, asibiti ba ya ganinsa.

Na daina zuwa gaida Dada. In ta kira, sai in kife wayar.

"Wai me Dada ta yi miki?" in ji Hamma.

"Ba komai."

"Ba komai ba ya hana gaisuwa."

Sai bayan gidana ya koma baƙi kamar kwalta. Wata safiya jiri ya kwashe ni a kicin.

Aka ba ni gado. Ƙarin ruwa, ƙarin jini, sannan aka zura mini kyamara ta maƙogwaro, aka ɗan gutsuro naman ciki don gwaji. Gyambo ne yake zubar da jini.

Dada ce ta zauna jinyata. In tana haɗa mini kunu, hannunta nake bi da ido.

Likitar, wata 'yar unguwar Herwagana mai yawan barkwanci, ta zo da sakamako: akwai ƙwayar cuta a cikina.

"Madam, kafin gwajin farko me kike sha?"

Na faɗa mata.

"Shi ya sa! Maganin nan kan sa ƙwayar ta lafe, gwaji ya wuce ta."

Ita ma ban yarda da ita ba. Na ce, "Likita, cikin da ke narkar da nama, wace ƙwaya ce za ta rayu a ciki?"

"Wannan tana jin tsamin ciki. In ya yi yawa sai ta kunna wasu ƙwayoyin halittarta, kamar yadda kike kunna fanka in an yi zafi, ta fitar da abin da ke kashe tsamin a kewayenta. Ita ma da irin kanwarta take yawo. In tsamin ya ragu, ta sassauta. Wataƙila tun kina yarinya take tare da ke."

Tun ina yarinya. Kafin in san Hamma, balle Dada.

Sai Dada ta gyara mayafi ta ce, "Likita, ni ma haka nawa cikin yake tun haihuwar mijin yarinyar nan. Nono kaɗai ke kwantar mini da shi. Ranar da yarinyar nan ta zo gaisuwa tana dafe ƙirji, na ce wannan irin nawa ne."

Na juya fuskata bango. Ban iya kallonta ba.

Aka gwada ta, ita ma tana da ƙwayar. Tare muka sha maganin na mako biyu, baki na ɗaci kamar an tsotsi ƙarfe. Takan kira ni ta ce, "'Yar nan, kin sha na safe? Kar ki yi mini wayo."

An sake gwada ni, babu komai. Alhamdulillahi. Likita, Hamma, da ku da kuka yi ta cigiyata, Allah ya saka da alheri.

'Yan'uwa, kafin gwaji ku faɗa wa likita duk abin da kuke sha, har kanwa. Nono yana lafar da zafi, amma ba ya warkar da gyambo. Baƙin bayan gida ba abin jira ba ne. Magani kuma a shanye shi, ko da an ji sauƙi.

Gobe ne gwajin Dada na ƙarshe. Ni zan raka ta. Ku sa mini ita a addu'a.