Agogon da Ba Ya Son Zama

Babana direban babbar mota ne. Shekara da shekaru yana ɗaukar gyaɗa da hatsi daga Batsari zuwa kudu, ya dawo da goro da manja. Abin da ya fi so a duniya bayan mu shi ne agogon hannunsa, kuma akwai ranakun da nake shakkar ko mu ne a gaba. Na hannu ya saye shi, a wajen wani Bature injiniya da ya gama aikin rijiyoyi zai koma gida. Farin ƙarfe ne mai nauyi, gefensa rabi ja rabi shuɗi, da hannu huɗu maimakon uku. Na huɗun ja ne siriri, an yi shi don matafiyi ya riƙa sanin lokacin wata ƙasa. Baba ya saita shi a kan lokacin Makka. Ana cikin hira sai ya ɗaga hannu ya ce, “Yanzu an kira azahar a Harami,” kowa ya ce Allah ya kai mu. Ladanin unguwarmu ma, in Baba yana gari, shi yake tambaya lokaci.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, lokacin da ake bin layi a kan sabulu da madara. Taya ta yi wuya, kayan gyara suka ɓace, mai motar ya ɗora ta a kan duwatsu ya ce sai abin da hali ya yi. Baba ya dawo gida ya zauna a zaure. Ya cire agogon, ya naɗe shi a ƙyalle, ya sa a ƙasan adaka tare da babbar rigarsa ta Sallah, domin a wurinmu haka ake girmama abu mai daraja. Ya ce tunda babu tafiya, sai ranar Juma’a zai riƙa ɗaurawa.

Juma’ar farko ya ciro shi ya tarar ya tsaya cik. Agogon da bai taɓa tsayawa ba tun ranar da ya saye shi.

Ni lokacin ina koyarwa a firamare a Safana, ƙarshen mako nake zuwa gida. Da na zo na ji labari, na yanke hukunci nan take, irin na mai ilimin boko, na ce batir ne ya ƙare. Inna, mahaifiyata, ba ta yi wata-wata ba ta ɗauke shi ta kai kan rumbu ta shanya a rana, kusa da baturan rediyo, kamar yadda kowa yake yi in batir ya yi sanyi. Abin mamaki, kafin ta ajiye shi ya fara motsi. Ranar Inna ta sha kirari. Bayan la’asar ya sake tsayawa. Kwana uku ana shanya agogo kamar kuɓewa, yana tashi yana mutuwa.

Mu dariya muke yi, Baba kuwa ba ya yi. Ya rage cin abinci. Ya kyautar da riguna biyu. Wata safiya ya kira ni zaure ya ce, “Malam,” haka yake kirana in zai tsokane ni, amma ranar babu tsokana a muryarsa, “ni da agogon nan tare munka yi tafiya, tare munka tsaya. Ka riƙa kula da uwarka.” Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ba na son irin wannan magana, kuma tsoro ya kama ni. Mutum lafiyarsa lau, ko ciwon kai ba ya yi, ya zauna yana jiran mutuwa saboda guntun ƙarfe. Na fizge agogon na ɗaura a hannuna na ce zan kai shi gyara.

Na hau babur ɗina na kama hanyar Safana, hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Ina isa na ga agogo yana tafiya. Duk makon nan ina rubutu a allo, ina nuna ɗalibai da ɗan yatsa, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Na dawo gida ina taƙama kamar ni na ƙera shi. Baba ya karɓa, ya yi murmushi, ya naɗe shi ya mayar adaka don kada ya sake lalacewa. Juma’a ta zo, agogo ya sake mutuwa.

“Ka gani ko?” in ji Baba. “A hannunka yana da rai. Ni ne ya ƙi.”

Ashe gyarana ɓarna ya ƙara. Ranar kasuwar Batsari na ɗauki agogon na nufi rumfar Kawu mai gyaran agogo, taubashin Baba, wanda da tun farko shi ya kamata mu nema. Baba ne ya hana, wai ba zai ba shi abin yi masa dariya ba. Kawu ya saurari labarin batir da shanya a rana, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, “Kai ne ake ba ’ya’yan mutane ka koya musu? Allah ya kyauta.”

Ya maƙala gilashinsa a ido ya buɗe bayan agogon a hankali. Babu batir ko ɗaya. Akwai ƙananan ƙafafun ƙarfe suna juyi, da wasu jajayen duwatsu da ba su kai ƙwayar gero ba, a samansu kuma wani ƙarfe mai siffar rabin faifai. Ya karkata agogon, ƙarfen ya juya da kansa. “Wannan shi ka ba shi ƙarfin tafiya,” ya ce. “Motsin hannun mai shi ne abincinshi. In ka aje shi kwana biyu, yunwa ta kashe shi.” Ya ce mutanen wata ƙasa mai duwatsu da tsananin sanyi ne suke ƙera irinsa, kakanninsu manoma ne da suke zama a ɗaka suna wannan aiki in sanyi ya hana noma, kamar yadda namu suke saƙar tabarma da rani. Ya nuna mini ’yan zane-zane a cikin murfin, alamar masu gyaran da agogon ya bi ta hannunsu kafin ya zo garinmu. Ya share shi, ya ɗiga masa mai da tsinin allura, sannan ya ƙara tasa alamar a ƙasan tasu, yana ta hura hanci.

Da yamma Kawu ya rufe rumfa ya biyo ni gida. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙa wa Baba agogon ya ce, “Na duba shi sarai, lafiyarshi lau. Mai shi ne ya lalace. Agogon nan bai son rago.”

Baba ya miƙe zaune. “Wa kake ce ma rago? Ni da na kai mota bakin teku tun kana tallan alawa?”

“Da kenan. Yanzu ko tabarma ta gaji da kai.”

Washegari da sassafe Baba ya ɗaura agogo, ya saɓa fartanya, ya kama hanyar Ruma a ƙafa zuwa gonar gadonsu da ya yi shekaru bai taka ba. Ba don noma ya fita ba, don ya kunyata Kawu ne. Ya dawo da azahar yana huci, ya cinye tuwon da aka ajiye masa, ya tambaya ko da saura. Inna ta shiga ɗaki tana dariya tana share hawaye. Daminar nan gero ya yi masa kyau, ladan ya dawo tambayar lokaci, muka ci gaba da jin labarin azahar ɗin Harami ko muna so ko ba ma so. Motar ba ta sake tashi daga kan duwatsunta ba, shi kuma bai sake tambayarta ba. Ya yi shekaru masu yawa yana noma, kuma bai taɓa yarda cewa Kawu ne ya yi gaskiya ba.

Ranar da ya rasu, masu wanka suka cire agogon suka ba Inna, ta ajiye a kan adaka. Washegari da hantsi, gida cike da masu gaisuwa, na shiga ɗakin na ga yana tafiya, da sauran motsin hannun Baba a cikinsa. Na tsaya ina kallo na kasa fita. Inna ta shigo ta same ni. Na ce mata kayan gado ne, ba a taɓawa sai an raba. Ta ɗauke shi, ta kamo hannuna ta ɗaura mini, ta ce, “Ba ba ka na yi ba. Tashi ka raka baƙi bakin hanya, kada ya tsaya.”