Idi Bahar da Ciyawar Tekun Ƙanƙara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina shan shayi waya ta shigo, wai Yaya Idi Bahar ya rasu.

Kwana huɗu ke nan. Kwana huɗu, ni ina nan zaune ban sani ba.

Maƙwabcinsa ne ya kira ni, ya ga lambata a wata takarda cikin aljihun rigarsa. Ya ce har yanzu gawar tana talajar asibiti, wato firjin ajiye gawa, don iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta daɗe da mutuwa, kuma sai ɗan'uwa na jini ya zo ya sa hannu kafin a ba da shi a binne. Ni kuwa ba jini muka haɗa ba, tashi tare ne kawai. 'Ya ɗaya gare shi, Rabi. Madina aka kai ta aure, daga baya na ji an ce sun koma Sudan. Don girman Allah, duk wanda ya san inda Rabi 'yar Idi Bahar na unguwar Karantina a nan Jidda take, ya yi mini magana. Ku yi sharin. Tun safe nake kiran mutane, kowa sai ya ce bai sani ba.

Da yawanku kun san shi ne a tsohon nan mai yatsu uku a hannun dama, da ke gyaran kifi a bakin kasuwa. Bari in gaya muku ko wane ne, ko zuciyata ta ɗan lafa.

A shekarun sittin ina saurayi, ni da shi muna dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda. Iyayenmu ta Sudan suka zo, a unguwar Ruwais muka tashi, ya girme ni da shekara biyar. Wata rana wani jirgin turawa masu bincike ya tsaya shan mai, ma'aikatansu biyu sun kwanta ciwo, suna neman madadi. Yaya Idi ya ce, "Yalla Sale, wata biyar ne kawai, mu je mu ga duniya." Ban ko tambayi inda za a ba.

Kudu aka nufa. Kudu har ƙarshen duniya, inda teku kansa ke daskarewa.

Ni aka sa ni kicin, ferar dankali da wankin tukwane. Shi aka ba shi aikin koma. Ba komar kifi ba, wata 'yar koma ce mai laushi kamar mayafi, da kwalba a gindinta, a zura ta cikin ruwa a jawo da inji. Abin da suke nema wasu tsirrai ne ƙanana da ido ba ya gani, masu yawo a saman teku. Turawan na ce musu filankiton. Yaya Idi ya ce sunan ya yi masa nauyi a baki, ya raɗa musu "ciyawar bahar", wato ciyawar teku.

Lokacin da suke kira bazara muka isa, ko da yake numfashi daskarewa yake a gashin baki. Rana ba ta faɗuwa. Sai ta sauko kamar za ta faɗi, ta sake tashi. Azumi kuma ya kama mu a can. Yaya Idi ya bar agogonsa a kan lokacin Makka, da shi muke sahur, da shi muke buɗa baki, rana na kallonmu. Dabino ɗaya yake raba mana biyu don ya kai mu salla.

Ni dai kaina ya fara juyewa. Ba barci, ba duhu, ba kiran salla, ba ƙasa, duk inda ka duba fari fat. Na daina magana. Na sa a raina ba zan sake ganin mahaifiyata ba.

Abin da ko 'ya'yana ban taɓa gaya wa ba, yau zan faɗa. Wata rana na ajiye wuƙar fera, na fita ba rigar sanyi, ba safar hannu, na tsaya a bakin ƙarfen jirgi ina kallon ruwa. Har na ɗora ƙafa ɗaya.

Sai na ji an riƙe mini wuyan riga.

Bai yi ihu ba, bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi, "Sale, zo kama min igiyar nan, ni kaɗai ba zan iya ba." Ya cire safar hannunsa ya zura mini, ya ja ni wajen injin. Muka jawo komar tare. Kwalbar ta fito cike da wani abu kore-kore mai kauri, kamar an kaɗa miyar kuka. Ya wuce da ni ɗakin bincike, ya roƙi baturiyar da yake wa aiki, ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma. Ya danna mini kai, ya ce, "Duba."

Wallahi har yau ina ganinsu. Wasu zagaye kamar faifai mai zane, wasu a jere kamar carbi, wasu dogaye kamar allura, wasu da ƙayoyi. Kai ka ce da gilashi aka ƙera su. Duk a ɗigo ɗaya.

Ya ce, "Ka gan su? Wata da watanni suna maƙale a ƙarƙashin ƙanƙara cikin duhu. Da rana ta dawo, ƙanƙara ta fara narkewa, sai su cika teku. 'Yan jatan lande su ci su, manyan kifayen nan da ka ga suna feso ruwa su ci jatan landen. Wanda bai manta da waɗannan ba, kai zai manta da kai, ya Sale?"

Na durƙusa a wurin na yi ta kuka. Baturiyar ta fita ta ja mana ƙofa.

Daga ranar bai sake bari na zauna ni kaɗai ba. Da na gama kicin sai ya turo a kira ni. Shi ya nuna mini su ma unguwanni gare su: waɗanda ke bakin ƙanƙara daban, na tsakiyar teku daban. Sai ya ɗaga kwalba ya ce, "Waɗannan 'yan Ruwais ne, waɗancan 'yan Karantina." Mutumin da bai yi boko ba, amma ya kai da ya kalli launin ruwa zai faɗi irin da za a samu, baturiyar ma shi take tambaya inda za a zura koma.

Yatsun nan biyu, ranar nan ya rasa su. Jiƙaƙƙiyar igiyar ƙarfe ya riƙe da hannu tsirara, safarsa tana hannuna. Suka yi baƙi, bayan mako ɗaya likitan jirgi ya yanke su. Kowa ya tambaya sai ya ce inji ne. Duk lokacin da na ɗauko zancen sai ya ce, "Halas, ya wuce, uku ma sun isa cin shinkafa."

Bayan mun dawo, ko ruwan sanyi ba ya sha, ko ƙarƙashin fanka ba ya zama. Shi ne yau kwana huɗu a talaja. Ya Allah, ina zan sa kaina?

Baturiyar ta ba shi wani tsohon madubi irin mai ƙara wa abu girma da za mu rabu. Da muka koma Karantina da zama, sai ya riƙa ɗebo ruwan teku a kwalba yana nuna wa mutanen unguwa. Da ƙyar ake ganin ɗaya ko biyu a ɗigo. Yakan girgiza kai ya ce, "Ruwanmu kyau kawai gare shi, ku je can ku ga arziki." A nan sunan Idi Bahar ya bi shi. Wasu har cewa suke ƙanƙara ta taɓa masa kai.

Duk daren salla sai ya aiko mini da kifi gyararre. Ranar da mahaifiyata ta rasu, shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Da aka rushe Karantina kowa ya watse. Ni na dawo wajen 'ya'yana a unguwar Madain Fahd, shi ya samu ɗaki can nesa. Bara, bayan sallar Juma'a, na hango shi a ƙofar masallaci, ya rame, yana dogara sanda. Muka rungume juna. Ya ce madubin ya ɓace wajen kwashe kaya. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Sale, ka zo mu yi hira mana. Duk wanda na ba labarin can, gani yake ƙarya nake yi. Kai kaɗai ka rage da ka gani da idonka."

Na ce, "Bukra in sha Allahu, Yaya, gobe-goben nan."

Ya yi dariya ya ce, "To, zan dafa shayi."

Ban je ba. Yau in ce ƙafa, gobe in ce zafi, jibi in ce babu mai kai ni. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ban sani ba ko ya dafa shayin ya zauna yana jira.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Idrisu. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka sa can ta fi masa nan, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, don Allah kada ku wuce haka nan.

Ni ma ku sa ni a addu'a. Ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini a can, tunda ban je na roƙe shi a nan ba.